Gansakukar da Aka Tayar Daga Barci

Ɗakin da Inna ta ƙare ƙuruciyarta a cikinsa yana can ƙarshen ginin cibiyar binciken tsirrai, bayan an wuce ofisoshi an sauka 'yan matakala. Kabad-kabad na ƙarfe sun tsaya kafaɗa da kafaɗa tun daga bakin ƙofa har bangon ƙarshe, kowanne cike da busassun tsirrai da aka ɗinke a jikin farin kwali. A tsakiya akwai dogon tebur, da risho, da ƙaramin daro na wanke hannu, sai taga guda can sama wadda gilashinta ya dushe. Warin kafur ya kama komai na ɗakin, har da Inna kanta. In ta shiga motar haya da yamma, sai ka ga na kusa da ita yana sansanar iska, yana neman wanda ya fito da tsofaffin kaya daga akwati.

Ba da sunan Inna ta shigo wurin ba. Da ta zo, Yaya ake ce mata. Bayan wasu shekaru ta wayi gari ta zama Anti, daga baya kuma Inna, ba tare da kowa ya sanar da ita ranar da aka yi mata waɗannan ƙarin girma ba. Mahaifinta tela ne, shi ya ɗora mata allura a hannu tun ba ta kai tsayin keken ɗinkinsa ba. Mijinta kuwa direban cibiyar ne, mutum mai yawan dariya da ƙarancin kwana, wanda ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu ƙanana. Tsohon Farfesan da ke shugabancin wurin a lokacin shi ya aika aka kira ta. Ya ce ya yi shekaru yana zama a bayan direbansa yana kallon wani faci a kafaɗar rigarsa, yana neman inda zaren ya shiga da inda ya fita, bai taɓa ganowa ba. Hannun da ya yi wannan facin shi yake nema.

Aikinta shi ne ta karɓi abin da masu fita daji suka kawo, ta wanke, ta shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, ta matse da allunan katako har ya bushe, sannan ta ɗinke shi a kwali yadda ganye ba zai hau ganye ba, fure kuma ya fuskanci mai kallo. Rubuta suna da dangi aikin malamai ne.

A cikin dubban tsirran da suka bi ta hannunta, guda biyu ne ba sa zuwa sai tare, a jaka ɗaya, daga wani dutse da ke tafiyar safiya guda a mota. Ɗaya albasar daji ce, siririya, mai farin fure da ɗan kai wanda bai wuce babban yatsa ba. Ɗayar kuwa gansakuka ce, amma ba irin mai santsin nan ta bakin rijiya ba. Wannan tana da 'yan ganyaye ƙanana ƙwarai, a jere kamar gashin ido, kuma ba a taɓa samun ta ko'ina ba sai a wannan dutsen, a gindin wannan albasar. Saiwoyin albasar ne ke riƙe 'yar ƙasar da ke cikin tsagin dutse kada ruwa ya tafi da ita, ganyenta ya yi inuwa, gansakukar ta kwanta a ƙasa abinta.

Inna ta ɗauka 'yan'uwa ne, tunda gida ɗaya suke. Farfesa ya yi dariya ya ce ita da kazar gidanta sun fi waɗannan biyu kusancin dangi. Ya bayyana mata cewa albasar tana cikin masu fure, a reshen waɗanda ke tsirowa da kunne ɗaya kamar masara, kuma 'yar ɗakinsu ita ce tafarnuwa. Tana da saiwa, tana da jijiyoyin da ke kai ruwa sama, tana da iri, tana da rumbun abinci a ƙarƙashin ƙasa. Gansakuka ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da fatar jikinta take shan ruwa, da wani gari mai laushi da iska ke ɗauka take yaɗuwa, kuma zuri'arta ta riga masu fure zuwa duniya da nisa. Inna ta ce ashe tsohuwa ce marar ko tsinke da ta raɓa a inuwar mai hali. Farfesa ya ce da za a bar shi, haka zai rubuta a littafi.

Yadda danginsu ya bambanta, haka ajiyarsu ta bambanta. Gansakuka ba a matse ta, ba a ɗinke ta. A inuwa ake shanya ta, in ta bushe a zuba a ambulan a rufe. Albasa kuwa sai an kashe ta. Ana tsaga kan gida biyu, a tsoma a tafasasshen ruwa, sannan a matse. A makon farko Inna ta tambayi dalili, sai Farfesa ya kwance wani matsi da wani ɗalibi ya ɗaure ya manta da shi. A tsakanin jaridun, cikin duhu, ƙarƙashin nauyin katako, albasar ta fitar da wani dogon farin tsiro, ya yi ta lanƙwasa yana laluben hanya har ya kai bakin allon ya leƙo. Inna ta ga kamar yatsan wanda aka rufe da rai. Ranar ba ta iya cin abinci ba, kuma tun daga lokacin take barin albasa a ruwan zafi fiye da yadda aka ce mata.

Masu lissafin abin da ya rage a duniya sun sa gansakukar a rukunin waɗanda ke bakin ƙarewa. Wannan suna ya jawo mata baƙi. Duk masanin da ya ji labari sai ya zo ya gani, duk wanda ya gani kuma sai ya ɓantari ɗan kaɗan, don ya zama shaida cewa ya gani, kuma lallai ta yi ƙaranci. Albasar kuwa tana rukunin waɗanda ba a damu da su ba, saboda haka da ita ake koya wa ɗalibai aiki: kowace damina a cika mota da su, kowa ya tono tasa. Kwalayenta suka cika hawa guda na kabad suka haura na biyu. Daga baya Farfesa ya rasu, aka ɗora motar a kan duwatsu a bayan gareji, fita daji ta zama labari. Waɗanda suka je dutsen na ƙarshe sun dawo sun ce ba su ga gansakuka ba. Game da albasar ba su ce komai ba, ba a kuma tambaye su ba.

A shekarar da Inna za ta yi ritaya aka kawo sabon shugaba, wani siririn matashi mai tabarau da kowa ke kira Dakta. Sa'an babbar 'yarta ne. Ranar da ya fara shigowa ɗakin ya dubi kabad-kabad ɗin, ya dube ta, ya tambaya cikin ladabi wanne ne ya girmi wani. Ta ce ya duba da kyau, wanda ya yi tsatsa shi ne babba. Daga nan suka shirya.

Dakta ya san gansakuka sani na gaske. Shi ya gaya mata cewa busasshiyar gansakuka ba lallai ne matacciya ba. Wani lokaci barci take yi, kuma ana iya tayar da ita da ruwa ko bayan shekaru masu yawa. Suka bi ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya. Duk an gasa su a wata shekara da ƙwari suka addabi ɗakin, sai guda ɗaya tak da aka tsinta a durowar Farfesa bayan rasuwarsa, wanda bai ga wuta ba. Dakta ya ce zai tayar da ita ya mayar da ita dutsen. Amma ya yi gargaɗi: tsohuwa irin wannan, ƙarfin tashi ɗaya ya rage mata. Dole ta kama ƙasa ta yi sabon tsiro a gindin albasa kafin damina ta wuce. In ta sake bushewa ba ta kama ba, to ba ita ba dawowa.

Inna ta koma gida da maganar a ranta. Ta tuna duk abin da ya shigo ɗakin nan da rai ya shigo, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya fita ba. Ba ta ɗauki wannan laifi ba. Aiki ne, da shi ta ciyar da 'ya'yanta. Sai dai ta ji tana so, kafin ta miƙa mabuɗi, ta raka abu ɗaya zuwa ƙofa da ransa.

Motar da za ta kai su ba za ta samu ba sai tsakiyar damina, gansakukar kuma tana bukatar makonni a faranti kafin ta iya tafiya. Dakta ya ce gara a tayar da ita tun yanzu, in mota ta zo a same ta a shirye. Yana riƙe da ambulan ɗin ya ɗan tsaya, ya tambaya ko albasar tana nan a dutsen. Inna ta jawo ƙofar kabad, kwalaye suka bayyana maƙil har suna neman zubowa.

"Wannan? Ɗana, ko awakin wurin sun gaji da ita."

Ya yi dariya ya ce littattafai ma haka suka ce. A cikinsu babu wanda ya lura cewa kwalin da ya fi sabunta a tarin ya girmi jikan Inna na fari, wanda ya riga ya shiga sakandare.

Da hantsi suka yi aikin, ranar hadari ya rufe gari. Abin da ya fito daga ambulan ɗin bai fi cikin cokali ba, baƙi-baƙi, a murɗe kamar ƙonannen gashi. Dakta ya zuba shi a farantin gilashi, ya ja ruwan saman da ya tara a sirinji, sannan ya miƙa mata sirinjin. Ya ce hannunta ya fi nasa natsuwa.

Ɗigon farko ya ɓace kamar an haɗiye. A na biyu abin ya motsa. Ba iska a ɗakin, ba wanda ya taɓa tebur, amma 'yan ganyayen suka fara warwarewa, suna miƙewa a hankali kamar yatsun mai farkawa, baƙin yana juyawa kore a kan idonsu. Inna ta ajiye sirinjin. Wani kabad a bayanta ya yi ƙas, irin ƙarar da ƙarfe ke yi in sanyi ya shige shi, wani ya amsa daga can ƙarshen ɗakin.

"Inna, kada ki yi murna tukuna," in ji Dakta, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ko matacciya haka take buɗewa in ta ji ruwa."

"To yaya ake gane mai rai?"

"Sai an jira. Mai rai za ta yi tsiro, matacciya ta yi fumfuna."

Suka jira. Kowace safiya Inna ta riga mai shara zuwa, ta ɗauki gilashin ƙara girma ta sunkuya. Wata safiya ta ga wani koren zare, ya fi zaren ɗinkinta siranta, ya fito daga gefe yana bin jikin farantin. Ta jawo kujera ta zauna tana kallonsa.

Da mota ta samu, ita ta riƙe farantin a cinya, lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Wannan ne zuwanta dutsen na farko, bayan shekarun da ta yi tana wanke ƙasarsa daga ƙarƙashin farcenta. Suka bar direba a gindi suka hau, Dakta yana gaba yana miƙo mata hannu, tana ce masa ya ji da tabaraunsa.

Tun kafin su kai tsagin suka ji warin albasa, mai ƙarfi, kamar yanzu aka yanka. Dakta ya juyo ya yi mata murmushi. Suka zagayo wani ƙaton dutse, sai ga wurin. Babu ganye ko ɗaya. Tsagin ya yi fari fat, ruwa ya wanke ƙasar kaf, sai can gefe inda 'yar laka ta maƙale ake ganin ƙananan ramuka a jere, zagayayyu, kowanne cike da ruwa, suna kallon sama kamar kwarmin ido. Ba tsuntsu, ba fara, ba ko ƙuda. Warin kuwa yana nan, ba su san daga ina yake fitowa ba. Dakta ya durƙusa yana cusa yatsa a ramukan ɗaya bayan ɗaya, har Inna ta ce masa ya bari haka nan.

A gindin dutsen suka tarar da wani mai fasa tsakuwa a ƙarƙashin rumfar buhu. Ya ce shekarun baya aka yaɗa cewa albasar tana maganin tari, masu buhuna suka zo suka kwashe, ko 'yan ƙananan ba su bari ba. Ya dubi tambarin da ke jikin motar.

"Ai ku ne masu farar mota. Da can ba wanda ya san hanyar hawa, sai da yaranku suka taka ta."

Dakta ya ce ba za a ajiye gansakukar a nan ba, ruwa ɗaya zai share ta. Ya ɗauko wani faffaɗan ɓallin dutse, ya kankare 'yar ƙasar da ta rage ya zuba a leda, suka juyo.

Kwanakin da suka biyo baya a kan waya Dakta ya yi su. Ya kira abokan karatunsa, ya kira malamansa, ya kira masu gandun daji. Kowa ya tabbatar masa albasar tana da yawa, babu wanda ya tuna ranar da ya gan ta da idonsa. Inna kuma ta bi rumfunan masu magani a kasuwa. Ta samu, amma busasshiya, an tsaga an zura a igiya, ta yi ƙura. Albasar gida kuwa, Dakta ya ce ba za ta yi ba, ganyenta da saiwarta daban ne. A faranti gefen gansakukar ya fara yin rawaya. Ya mayar da ita ofishinsa, ya canja ruwa, ya canja haske, rawayar ta ci gaba da cin ta daga gefe zuwa tsakiya.

Wata rana bayan azahar Inna ta sauke kwalayen albasa duka a tebur. Ta bi su tana danna kowane kai da babban yatsa, tana sansanawa, tana fatan ta samu wanda ta yi wa aikin ganganci, wanda ta cire daga ruwan zafi da wuri don tana saurin zuwa ɗauko yara daga makaranta. Ba ta samu ba. Kowanne ya mutu murus, ɗinkinsa tsaf, furensa na fuskantar mai kallo. Ba a taɓa samun aikinta da aibi ba, ranar ma ba a samu ba.

Ta wanke hannu a daro, ta ɗauke shi, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa ta tura tagar don ta watsar da ruwan, kamar yadda hannunta ya saba ba tare da ya shawarce ta ba. Sai ta tsaya da daron a sama. Kafin a tsaga albasa ana wanke ta. A wurin wankin akwai 'yan ƙananan 'ya'ya kamar ƙwayar wake da ke manne a gindin uwar, waɗanda take ɓamɓarewa da farce don suna ɓata tsarin kwali. A daron suke faɗawa. Ruwan daron kuma ta wannan tagar yake fita tun ranar da ta fara aiki, ba ta taɓa hawa kujera ta leƙa inda yake sauka ba.

Bayan tagar wani lungu ne tsakanin ginin da katangar cibiyar, faɗinsa bai wuce kafaɗun mutum ba. An toshe bakinsa da tsohon kwanon rufi da karyayyun kujeru tun zamanin Farfesa. Mai gadi, wanda ya yi shekaru yana neman auren Inna da wasa tana ce masa ya fara sayen haƙora, ya ce shi bai ga abin nema a gidan macizai ba, amma tunda amarya ta ce, to. Ya janye kujerun, ya ɓamɓare kwanon, ya koma baya da sauri.

Inna ta shiga a karkace, Dakta na biye. Wurin da sanyi da duhu-duhu, indararo na ɗiga daga sama. Bayan 'yan taku warin ya tare su. Daga nan har ƙarshen lungun albasa ce, cunkus, kai a kan kai, wasu sun turo wasu sun fito saman ƙasa. Ganyensu ya fi na kowane kwali tsawo, fari-fari saboda rashin rana. Kuma babu ɗaya da ta miƙe sama. Na nan kusa sun karkata ciki, na can nesa sun kwanto a kan na gabansu, dukkansu sun nufi wuri ɗaya: tagar Inna. Mafi tsawo sun hau bango sun kai bakin gilashin, tsininsu ya goge ƙurar wurin ya bar 'yan layuka. Ta tuna wani karce-karce da take ji a gilashin duk damina in ta zauna ɗinki ita kaɗai, tana cewa ƙadangare ne.

Ta sunkuya ta taɓa wadda ke kusa da ƙafarta. Wani abu ya soke ta. Karyayyar allura ce, ta yi tsatsa, albasar ta girma ta haɗiye rabinta.

"Haske ne, Inna," in ji Dakta, cikin raɗa. "Gilashin yana mayar da hasken rana, ruwa kuma ta nan yake zuwa musu. Dole su karkata."

"Na sani, ɗana."

Amma da za su fita, da baya-da-baya ta fita.

Ranar suka shimfiɗa ɓallin dutsen a tsakiyar albasar, ƙarƙashin tagar, suka barbaɗa ƙasar da ke leda, Inna ta ɗauko abin da ya rage kore a farantin da bakin allura ta kwantar. Dakta bai ɓoye mata shakkarsa ba. Ya ce gansakukar ba ta saba da siminti ba, damina ta yi nisa, abin da suka dasa kuma bai fi farce ba. Zai kwashi wasu albasar ya mayar dutsen, amma kafin su tara ƙasa a tsagin an yi shekaru. Ya ƙara da cewa in har bincike ya tabbatar babu saura a wani wuri, to albasar za ta tsallake duk rukunan da ke tsakani ta faɗa na waɗanda suka ƙare a daji, ta tarar da gansakukar a can. Inna ta ce ba ruwanta da inda za a rubuta su, ita dai ya gaya mata ko za ta kama. Ya ce bai sani ba.

Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar. Aka yi wa Inna taron sallama, aka sha lemo, aka ba ta agogon bango, mai gadi ya yi jawabi ya ce yanzu da ta sami lokaci sai a zauna maganar aure. Kafin ta tafi ta shiga lungun. Ganyen albasar ya bushe ya kwanta ya rufe ƙasa, abin da ake gani a kan ɓallin dutsen kuma ya koma baƙi ya murɗe. Ko ya kama kafin ya bushe, gilashin ƙara girma ma bai iya faɗa ba. Ta ce bari ta ɗan yayyafa ruwa. Dakta ya hana. Ya ce abin da ba zai ɗauki rani da kansa ba, ba a cece shi ba, jinya kawai aka ja masa. Kuma tashin da babu damina a bayansa zai cinye ɗan ƙarfin da ya rage.

Ta koma gidan babbar 'yarta, inda aka ba ta ɗaki kusa da na jikoki. Ta yi ta yi musu facin kayan makaranta, har waɗanda ba su yage ba. Sau ɗaya, a tsakiyar zafi, ta shiga mota da gorar ruwa a jaka ta je har bakin lungun. Ta tsaya gaban kwanon da aka mayar, ta daɗe, ta koma gida da gorar a cike. 'Yarta ta tambaye ta ina ta je, ta ce dubiya.

Ruwan farko ya sauka wata safiya, mai yawa, ya ɗauke kafin hantsi. Inna ba ta jira ya gama ɗigowa daga bishiyoyi ba. Ta tarar mai gadi ya riga ya janye kwanon yana tsaye a baki, Dakta kuma yana ciki a tsugune, ya kawar da busassun ganyayen gefe, bayan rigarsa ya jiƙe. Da ya ji tafiyarta ya miƙe, ya manne da katanga don ta gani.

Ɓallin dutsen yana inda suka ajiye shi, a wanke tas kamar an lashe. Ba baƙi, ba kore, ba ko ƙasar da suka barbaɗa. Inna ta dafa bango. Ta buɗe baki za ta ce haka Allah ya so, sai Dakta ya nuna ƙasa da tsinin biro.

A wuyan albasar da ke gefen dutsen akwai ɗan kore, kamar an ɗiga tawada. A wuyan ta kusa da ita ma akwai. Ya bi da biron, idonta na biye: daga wannan kai zuwa wancan, wani siririn layi kore shar, jiƙaƙƙe, 'yan ganyayensa a buɗe, ya bar gindin tagar ya biyo ƙasan bango, ya wuce albasa ta ƙarshe, ya ci gaba a kan tsurar ƙasa ya nufo bakin lungun. Inda ya tsaya bai kai faɗin tafin hannu ba daga takalminta.

"Ta kama," in ji Dakta. Ya cire tabarau ya goge. "Ta kama, Inna. Ruwan bara ne ya wanko ta daga dutsen ya rarraba ta a hanya, ta riƙe inda ta samu."

Yana rufe baki idonsu ya faɗa kan ragowar ruwan safiyar. Yana bin gindin katanga a hankali, ɗauke da wani busasshen ganye, yana gangarawa can ciki wajen rariya, yana barin su. Koren layin kuwa saɓanin hanyar ruwan ya bi.

Dakta ya mayar da tabaraunsa. Ya ce wataƙila tururuwa ce, ko iska. Ya ce zai duba. Mai gadi ya ce shi ya bar ƙofa ba kowa, ya tafi.

Inna ta janye ƙafarta baya a hankali don kada ta taka. Abin da ta so ya samu, ta kuma ji daɗinsa har cikin ƙashinta, tare da wani sanyi da ba na ruwan ba. Ta gyara mayafinta, ta ɗan rusuna, ta yi wa koren layin sannu da zuwa kamar yadda ake yi wa wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Ba ta tsaya jiran amsa ba.